Tawadar silikon a kan jesi: yadda nake haɗa ta a shagona na Fagge

Makon jiya wani yaro daga Kurna ya shigo shagona rungume da firintarsa ta Epson, wai kanta ya toshe. Ina buɗewa na ga abin da ya faru. Ya ji ana yabon tawadar silikon, sai ya samo irin wadda muke ja a kan raga, wato ƙyallen nan mai ƙananan idanu da ake ɗaurawa a firam don buga rubutu a jikin riga, ya sirka ta da tina, ya ɗura a tankin firinta. Na ce masa, ƙanena, wannan kan sai dai ka yi masa ta'aziyya.

Ramukan da kan firinta ke feso tawada ta cikinsu sun fi silin gashi ƙanƙanta. A ma'aunin kauri da ake kira santifoyis, ruwan sha yana kan 1, kan firinta kuma ba ya son abin da ya haura 20. Zuma tana cikin dubbai, silikon na raga kuwa ya fi zuma kauri. Akwai tawadar silikon ta feshi, amma masu haɗa ta da silikon mai gajeriyar sarƙa suke farawa, wanda dama can ruwa-ruwa ne. Su niƙa launin har ƙwayarsa ta gaza maikiron 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, su tace, wasu su sa wa kan injin abin ɗumama don ta ƙara tsinkewa, a ƙarshe a daskarar da ita da zafi ko fitilar UV. Aikin masana'anta ne wannan, ba na bayan kanti ba. Mu namu na raga ne da robar ja.

Masu ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa ne suka sa na koma silikon. Jesi yadin roba ne mai miƙewa, kuma tawadar filastisol da muka saba da ita tana tsattsagewa bayan wanki kaɗan. Ga shi tana neman zafi wajen digiri 160, inda rinin yadin ke tashi ya shiga cikin rubutu, ka buga farar lamba a jar riga, da safe ka tarar ta koma ruwan hoda. Silikon kuwa yana gasuwa ya daskare a wajen digiri 130, kuma ko ka ja rigar kamar danƙo rubutun zai bi ta ya dawo.

Tawadar silikon kashi biyu take zuwa: gwangwanin tawada, da ƙaramar kwalbar katalis, wato ruwan da ke daskarar da ita, mai sinadarin filatinam. Muddin ba su haɗu ba, babu abin da zai daskare. Ka fara da sayen ƙaramin sikeli irin na masu gwal. Wadda nake amfani da ita, giram 3 na katalis nake sa wa giram 100, amma kowane kamfani da nasa, ka bi takardar da ke jikin gwangwani. Kada ka auna da ido ko da murfin kwalba. Launi ma sai wanda aka yi domin silikon. Ka juya da sandar roba mai tsabta kamar minti uku, kana kankaro gefe da gindin kofi, don a nan wadda ba ta gauraya ba take ɓuya.

Daga lokacin da ka juya, agogo ya fara tafiya. A cikin sanyin hunturu haɗi ɗaya yana kai ni har la'asar. A zafin Afrilu kuwa, da rufin kwano ya ɗau rana, kafin azahar ta fara yauƙi a kan raga. Shi ya sa a bazara nake haɗa giram hamsin-hamsin, in ajiye kofin cikin kwanon ruwan randa, a rufe.

Inda na sha wuya shi ne tsabta. Filatinam ɗin nan ɗan gata ne, abu kaɗan ke kashe shi: farar wuta, kuza, da burbushin tsohuwar filastisol. Wata rana yarona ya sa safar hannu ta latas, irin ta asibiti, ya kwashe tawada ya kuma riƙa shafa gaban riguna yana daidaita su. Ashe akwai farar wuta a cikin latas. Riga ashirin da biyu na wata ƙungiya a Gwammaja, muka gasa, muka sake gasawa, lambobin suna nan suna manne wa yatsa kamar alewar da ta kwana a rana. Daga aljihuna na sake sayo yadi. Tun ranar silikon yake da ragarsa, robarsa da kofunansa daban, na ɗaura musu jan zare don kada a haɗa.

Yadin ma yana iya zuwa da tasa matsalar. Baƙar auduga sau da yawa da rini mai farar wuta ake rina ta. Don haka duk yadin da na ɗauko daga Kantin Kwari, sai na yanki ƙyalle na buga masa tambari ɗaya na gasa tukuna. In ya nuna, bismillah. In yana danƙo, a wanke yadin a sake gwadawa, in ya ƙi a koma wata tawadar.

Wajen ja, shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Ka ja na farko, ka busar da samansa da bindigar zafi har ya daina kama yatsa, sannan ka ja na biyu. Da hunturu ka rufe ƙofa, ƙura na sauka a kai ta zauna ke nan. Gasawar ƙarshe a injin gasa riga minti ɗaya zuwa biyu ce, kuma zafin jikin rigar za ka auna, ba lambar da injin ke nunawa ba. In aka ɗauke wuta a tsakiya, ka jira injin ya koma zafinsa ka sake ƙirga daga farko.

Bayan ta huce, ka miƙe rubutun da hannu biyu, ka murje shi da babban yatsa, ka wanke riga ɗaya da sabulu kafin ka kira mai kaya. Ragar kuwa ka goge ta nan take, kafin ka tafi sallah ko cin abinci, don silikon da ya daskare a idon raga, tina ba ta fitar da shi. Raga biyu na jefar kafin na koyi wannan, firam ɗinsu na nan rataye a bayan ƙofa.