Yadda za ka samu gidan haya mai sauƙi a Abuja ba tare da an yanke ka ba

Duk wanda aiki ya kawo shi Abuja abu na farko da ke fara ɗaga masa hankali shi ne wurin kwana, don kuɗin haya a nan shekara guda ake biya lokaci ɗaya, wasu masu gidan ma har shekara biyu suke nema. Su Maitama da Asokoro da Wuse 2 ka cire su daga lissafi tun yanzu in dai albashi kake jira. Inda mutane irinmu ke zama su ne Kubwa, Dutsen Alhaji, Lugbe, Karu, Nyanya, Dei-Dei, Zuba, Gwagwalada, sai kuma Mararaba da ke cikin jihar Nasarawa da Suleja ta jihar Neja.

To amma abin da nake so ka riƙe, kar ka kalli kuɗin haya shi kaɗai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama haya ta biyu, sai ka ga mutum ya kama ɗaki a Mararaba yana murna ya samu araha alhali a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke tsakiyar gari yake aiki, kullum sai ya fito da asuba saboda gosulon Nyanya, ya dawo bayan isha'i a gajiye, in ka tara abin da ya kashe a hanya cikin wata 12 wallahi wani lokacin ya cike gibin da ya gudu. Ka ɗauki biro ka rubuta kuɗin zuwa da dawowa na rana ɗaya, ka ninka da kwanakin aiki na shekara, ka ɗora kan hayar, sannan ka kwatanta unguwa da unguwa.

Neman kuma da ƙafa ake yi. Ka je unguwar ranar Asabar, ka yi sallah a masallacinsu, ka tambayi mai shayi da mai gadi da mai wanki da guga, su suka fi kowa sanin gidan da za a tashi. Abokan aiki ma ka sanar da su, wanda aka yi wa canjin wurin aiki yakan haɗa ka da mai gida kai tsaye ka tsira daga la'ada. Dillali yana da amfani, amma yawanci kashi 10 cikin ɗari na hayar yake karɓa, ga kuɗin lauya ga kuɗin ajiya na ɓarna, saboda haka tun kafin ka hau mashin ɗinsa ka ce masa malam gaya min jimillar komai da komai. Hotunan Facebook da WhatsApp kuwa a kalla kawai, duk wanda ya ce tura kuɗi in riƙe maka kafin wani ya ɗauka, ka rabu da shi.

In ka samu gidan da ya kwanta maka, ka je sau biyu, da rana da kuma dare. Ka duba bango ko akwai layin da ruwa ya taɓa kaiwa, don wasu sassan Lugbe da Lokogoma ambaliya na cin su da damina, kuma da rani ba za ka gane ba sai ka tambayi maƙwabta. Ka tambayi ruwa, bohol ne ko 'yan ga-ruwa. Wuta kuma ka nemi ganin mita da idonka, ta kati ce ko ta haɗaka, akwai tsohon bashin AEDC, wato kamfanin raba wuta na Abuja, a kanta ko babu, kuma wane rukuni layin yake, don tun Afrilun 2024 'yan Band A, wato rukunin da aka ware wa sa'o'in wuta mafi yawa, ke biyan kuɗi mai tsada sosai. Wani abu da baƙi ba su sani ba, in ka ga alamar jan fenti a katanga to hukuma ta sa gidan a layin rusau, komai arharsa kar ka shiga, hayarka ba za ta dawo ba.

Ranar biya ka tabbata ka zauna da mai gidan ko lauyansa, ka tura ta banki cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar yarjejeniya, ka karɓi rasit. Ka karanta takardar a natse musamman wurin notis, a dokar Abuja mai hayar shekara wata 6 ake ba shi kafin a tashe shi, sai dai in kun sa hannu kan wani wa'adin daban, kuma a nan ne ake rage wa mutane ba su lura ba. Kafin ka shigar da katifa ka ɗauki bidiyon ɗakin gaba ɗaya, famfo da soket da silin da ƙofar banɗaki, ka tura wa mai gidan ta WhatsApp a ranar, shi zai fitar maka da kuɗin ajiyarka ranar da za ka tashi.