Darasi na Bakwai: Sunan Duma a Littafin Malaman Gona

Duk wanda ya taɓa duba takardar iri ko littafin malaman gona ya ci karo da sunayen tsirrai da aka rubuta da Latin, wato harshen mutanen Rum na zamanin da. A cikin irin waɗannan littattafai ana kiran duma Lagenaria siceraria, kuma wanda ya san tushen kalmomin biyu ba zai sha wahalar riƙe sunan ba.

Lagena a Latin sunan wani tulu ne mai faɗin ciki da siririn wuya, wanda mutanen Rum suke zuba giyar inabi a cikinsa. A shekarar 1753 Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya sa duma cikin dangin kabewa, ya kira shi Cucurbita lagenaria, wato kabewa mai siffar tulu. A 1825 wani masani Bafaranshe mai suna Seringe ya ware shi daga kabewa, ya mai da Lagenaria sunan jinsinsa. Kalma ta biyu kuwa ta fito daga sicera, wadda take nufin abin sha mai sa maye.

Sai dai sunan bai kamo dukkan halin duma ba, domin siffa ɗaya kawai masanan suka duba, wato ta gora mai wuya. Manomi ya san cewa daga wannan shuka mai yaɗo, wadda farin furenta yake buɗewa da yamma, ake samun ƙwaryar da ake fafewa a dama fura, da ludayi, da masaki, da shantun da mata suke kaɗawa a gidan biki, kuma a littafin masana sunansu duka ɗaya ne.

A Latin akwai kuma wani sunan tulu da ake samu a sunayen tsirrai, wato urceus, tulun ɗibar ruwa mai mariƙi guda, wanda ƙaraminsa ake kira urceolus. Idan kuka ga urceolata a sunan tsiro, ku sani galibi furensa ko wani sashe nasa yana da kumburin ciki da tsukakken baki.

Aiki: Kowa ya rubuta sunan duma na Latin sau uku a littafinsa, ya fara kalmar farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami, sannan ya ja layi a ƙarƙashinsu. Bayan haka ya rubuta jimla biyu a kan wani kayan duma da ake amfani da shi a gidansa.