Yadda ake zaƙulo otal mai fasali na daban a Kano don hutun kwana biyu

Ba sai mutum ya yi tafiya yake kama otal ba. Magidanci zai iya kai yara gidan kakarsu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shi da uwargida su kama ɗaki a cikin garin nan, su dawo ranar Lahadi. Na sha ganin waɗanda suka gwada sau ɗaya suka ce ba su ƙarawa, kuma kusan dukkansu a waya suka gama zaɓen wurin ba tare da sun taka ƙafa sun gani ba.

Fara da unguwa. Ni a wurina Nasarawa GRA ce ko Bompai, domin a nan ake samun tsofaffin gidaje na zamanin Turawa masu faɗin fili da manyan itatuwan madaci da darbejiya, wasunsu an mayar da su masauki. Dogayen benaye masu tayil da gilashi duk kamarsu ɗaya, ka shiga ɗaya ka shiga duka. Nemi wurin da ɗakunansa suke a ƙasa, kowanne da barandarsa, da tsakar gida mai inuwa. In kana son idonka ya waye, leƙa Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, ko Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarki. Ka dubi zanko, wato tsinin da ke saman gini, da daurin guga, wato bakan rufin ɗaki, da kaurin bango. Daga nan za ka iya bambance ginin da aka yi wa adon gargajiya da gaske da wanda aka shafa wa jan fenti kawai.

Sai ka tara sunaye uku, kada su wuce haka. A Google Maps ka tsallake hotunan da masu otal suka ɗora, ka duba na baƙi, ka karanta sababbin sharhi, musamman na masu ba da tauraro 2 ko 3. Hanya mafi sauri kuma ita ce tambayar mai ɗaukar hoton biki. Babu lambu mai kyau a garin nan da ba su sani ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Ka je da kanka, bayan la'asar, kwana uku ko huɗu kafin ranar. Ka ce a nuna maka ainihin ɗakin da za ka kwana, ba irinsa ba. Buɗe famfo, kunna esi ka jira minti biyar, ɗaga zanin gado, shinshina banɗaki. Tambayi na risafshan dalla-dalla: "Malam, in an ɗauke wuta, janareta yana ɗaukar esi ko fanka kaɗai? Ƙarfe nawa ake kashe shi?" A watan Afrilu wannan tambayar ita ce hutun gaba ɗaya. Sannan ka zagaya baya ka ga inda janaretan yake, kada tagarka ta kalle shi.

Tambayar da ta fi kowacce, wadda ni ban yi ba har ta ci ni, ita ce ta ɗakin taro. Na taɓa kama wani wuri mai kyawun gaske, itatuwa ko'ina, shiru kamar ba a cikin birni ba, saboda ranar Talata na je dubawa. Daren Asabar ashe an kama zauren don dinar biki. Tun magariba motoci suka cika harabar, kiɗa yana girgiza tagogi, mai ɗakina ta kwana da ciwon kai. Kuɗin kwana biyu suka tafi a banza, kuma abin ya dame ni domin ita na shirya wa hutun. Otal mai lambu mai kyau shi ne masu biki suke rububi, wato abin da ya ja ka shi ya ja su. Don haka ka tambaya ko akwai taro a ranakun da kake so. Kada ka tsaya a risafshan kaɗai, koma bakin ƙofa ka gaida mai gadi: "Baba, sannu da aiki. Asabar ɗin nan akwai biki a nan?" Shi ne yake buɗe wa motoci ƙofa, ya fi kowa sani. In akwai, ka sauya mako ko ka sauya wuri, neman ɗaki mai nisa da zauren ba ya magani.

Batun kuɗi, ka nemi ragi tun da kwana biyu ne, ba abin kunya ba ne, kuma wanda zai iya samun Lahadi zuwa Talata ya fi samun sauƙi da shiru. Ka guji makon Sallah, lokacin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa baƙi sun cika gari. Kafin alƙalami na kwana ɗaya ya isa, a rubuta maka lambar ɗakin a jikin rasit.

Ranar zuwa ka riƙe katin shaida da takardar aure, wasu wuraren kan tambaya. Ɗauki dardumarka, ka tambayi alƙibla tun da rana, ka ji ko karin kumallo yana cikin kuɗin. Yawanci ƙarfe 12 na rana ake sakin ɗaki, in kana son ƙarin awa biyu ka roƙa tun daren Asabar.