Yadda Mai Gudun Sha'awa Zai Shirya wa Gudun Fanfalaki a Kaduna

Duk wanda ya saba bi ta Dandalin Murtala bayan sallar Asuba, musamman ranar Asabar, ya san irin jama'ar da ke taruwa a wurin don motsa jiki: ma'aikatan gwamnati, ɗalibai, tsofaffin sojoji, da mata cikin hijabi suna tafiya da sauri rukuni-rukuni. A cikin wannan jama'a na fara gudu, a lokacin da kilomita 2 kacal ke sa ni tsayawa ina haki, kuma daga nan ne na bi mataki-mataki har na kammala gudun fanfalaki. Tambayar da aka fi yi mini ita ce yadda mutumin da ba sana'arsa ba ce gudu, wanda yake da aiki da iyali, zai iya kaiwa wannan nisa ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba. Amsata ita ce ya koyi yin gudu a hankali fiye da yadda zuciyarsa take so, ya kuma riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Duk abin da zan faɗa a nan bayani ne na yadda ake aiwatar da hakan a garinmu da yanayinmu.

Ya kamata mutum ya fara sanin girman abin da yake shirin ɗauka. Tsawon cikakken gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, nisan da aka yi amfani da shi a gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a matsayin ma'auni a 1921. A filin tsere mai zagayen mita 400, wannan ya kai zagaye 105 da kusan rabi, kuma ya ɗara rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya. Marigayi Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya gama shi cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, amma mai gudun sha'awa da ke cin kilomita ɗaya cikin minti 7 zai shafe kusan awa 5 a kan ƙafafunsa. Waɗannan awanni biyar su ne abin da ake yi wa shiri.

Kafin a taka ƙafa, a je a auna hawan jini. Ina nanata wannan domin mutane da yawa a cikinmu suna yawo da hawan jini ba su sani ba, kuma wanda ya haura shekara 40, ko yake da ciwon sukari ko asma, ko aka taɓa samun ciwon zuciya a danginsa, wajibi ne ya nemi shawarar likita tukuna. Bayan haka sai takalmi. Ba dole ba ne ya zama sabo dal, domin ana samun kambas na gwanjo masu kyau a Kasuwar Barci, muddin aka duba ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba, kuma soson da ke ciki bai mutu ba. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, saboda takalmin da ya matse shi ne ke baƙanta farce har ya cire shi. Gaskiya ne Abebe Bikila ɗan Habasha ya lashe gasar Olamfik ta Roma a 1960 ba takalmi, amma ƙafarsa ta saba da hakan tun tuni, kuma titunanmu ba sa rasa kwalba da ƙusa.

Makonnin farko ana haɗa gudu da tafiya ne: gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, a maimaita har tsawon rabin awa, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Sannu a hankali sai a tsawaita gudun a rage tafiyar, har ranar da mutum zai yi minti 30 bai tsaya ba, wanda ga mafi yawan mutane yakan ɗauki wata biyu ko fiye. Ma'aunin saurin da ya dace mai sauƙi ne, kuma wani dattijo tsohon soja ne ya koya mini shi. Ya ga na wuce shi a guje, bayan ɗan lokaci ya tarar da ni dafe da gwiwa, sai ya tsaya ya ce, "Ɗana, wa ya biyo ka?" Na ce, "Babu kowa, Baba, atisaye nake yi." Ya ce in bi shi, in riƙa ba shi labarin aikina muna gudu, kuma duk sanda na kasa haɗa magana saboda haki, to na yi sauri, in sassauta. A ranar na yi kilomita 5 a karon farko, kuma na koma gida da sauran ƙarfi. Dalilin kuwa shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, amma ƙashi da jijiyoyi suna buƙatar watanni, saboda haka wanda ya biye wa ƙarfin numfashinsa yakan ƙare da ciwon ƙwauri ko na gwiwa.

Daga nan sai ƙarin nisa. Ƙa'idar da masu horarwa suka daɗe suna bayarwa ita ce kada jimillar nisan mako ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100 a kan ta makon da ya gabata, kuma bayan kowane mako uku na ƙari a sassauta a na huɗu domin jiki ya farfaɗo. A ware rana ɗaya, wadda ga yawancinmu Asabar ce, don gudu mai nisa, sauran ranakun kuma a yi gajere. Titunan cikin Unguwar Rimi da Malali suna da sauƙin motoci da sassafe, kuma suna da ɗan hawa da gangara da ke ƙarfafa ƙafa. A riƙa bin gefen da ake fuskantar motoci masu tahowa, a sa riga mai haske, a guji toshe kunnuwa biyu da waƙa, domin direban Keke Napep da ya fito neman fasinjan farko ba lallai ba ne ya hango mutum a duhun asuba. Fita rukuni ya fi fita shi kaɗai tsaro, kuma ya fi sa mutum ya cika alkawarin tashi.

Yanayin Kaduna yana da nasa hukunci a kan mai gudu. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da ya fi daɗin gudu mai nisa saboda sanyin safiya, sai dai busasshiyar iskar tana shanye gumi nan take, mutum ya zaci bai zubar da ruwa ba alhali ya zubar, kuma ranar da hazo ya yi kauri gara mai asma ya haƙura. A bazara, wato Maris da Afrilu, a gama gudu kafin rana ta ɗaga. Da damina matsalar santsi ce da ramukan da ruwa ya rufe. Idan azumi ya zo, ni dai nakan ajiye gudu mai nisa gaba ɗaya, in riƙa yin gajere bayan shan ruwa ko bayan tarawihi, kuma ban taɓa ganin hakan ya rushe shirin shekara ba.

Batun ci da sha ba ya buƙatar kayan ƙasashen waje. Tuwo, shinkafa, dankali, doya da wake sun wadatar, sai dai kada a ci mai nauyi ko mai yaji daf da fita. Koko mara kauri da ayaba ɗaya, awa biyu kafin dogon gudu, sun ishe ni. Idan gudu zai wuce awa ɗaya da rabi, jiki yana buƙatar ƙarin sukari a hanya, kuma dabino biyu ko uku kowane minti 40 suna yin wannan aiki. Ruwa kuwa a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishi, a haɗa da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake sayarwa a kemis idan nisa ya yi yawa, domin ɗirkar ruwa zalla fiye da kima yana tsinka gishirin jini, abin da kan kai mutum asibiti kamar yadda ƙarancin ruwa ke yi.

Kada gasar farko ta zama cikakken fanfalaki. A fara da gudun nishaɗi, irin wanda ƙungiyoyi da makarantu ke shiryawa don tara gudummawa ko wayar da kai kan wata cuta, wanda galibi kilomita 5 ne, wani lokaci har da kiɗa da shiga ta ban dariya. Wasu masu gudu suna raina irin wannan, amma ni ina ganin amfaninsa, domin a nan ne mutum yake koyon maƙala lamba a riga, da tsayuwa cikin cunkoso, da danne zumuɗin da kan kwashi kowa idan aka busa usur. A watan Nuwamba na 2020 aka gudanar da gasar gudu ta Kaduna karo na farko, da rukunin kilomita 21 da 10 da 5, kuma wannan jeri shi ne ainihin matakalar da ya kamata a hau daga ƙasa.

Gudun miƙa sanda ma makaranta ce mai kyau, kuma Najeriya tana da tarihi a cikinsa, tunda tawagar maza ta mita 400 sau huɗu da ta zo ta biyu a Sidni a 2000 ita aka miƙa wa lambar zinare daga baya, bayan an soke nasarar Amurka. A Japan ana raba nisan fanfalaki tsakanin mutum shida, a tsarin da suke kira ekiden, inda ake miƙa ɗamara maimakon sanda. Abokai shida za su iya kwaikwayon wannan a Kaduna: uku su ɗauki kilomita 5 kowanne, biyu su ɗauki 10, na ƙarshe ya ɗauki 7 da 'yan kai. A ba wanda ya fi natsuwa zangon farko, saboda shi ne zai fi fuskantar jarabar bin masu sauri, a ba mai juriya na ƙarshe, lokacin da rana ta fito. A tsayar da wurin musanya tun ana gobe gudun, kowa ya je ya gan shi da idonsa, domin na taɓa ganin wanda ya iso da sanda ya tsaya yana waige-waige minti biyar, abokinsa na can yana jira a wani shataletale daban. Ribar wannan gudu ita ce yana koya wa mutum auna ƙarfinsa daidai da nisan da aka ba shi, tunda ya san akwai mai jiransa.

Wanda ya gama kilomita 21 ba tare da rauni ba, ya kuma shafe aƙalla shekara ɗaya yana gudu a kai a kai, shi ne ya cancanci tunanin cikakken fanfalaki, kuma zai buƙaci mako 16 zuwa 20 na shiri. Dogon gudun Asabar zai riƙa ƙaruwa har ya kai kilomita 30 ko 32, ba a wuce nan a atisaye. Mako uku kafin gasa sai a fara rage nisa, a makon ƙarshe a yi gudu kaɗan a yawaita barci. Gasar da mafi yawanmu ke nufa ita ce ta Legas, wadda aka fara a 2016, ana yin ta a Fabrairu, kuma a shekarunta na farko ana tashi ne daga Babban Filin Wasa na Surulere a haye gadar Third Mainland a ƙare a Eko Atlantic. Wanda ya yi shiri cikin busasshen sanyin Kaduna zai sauka cikin iska mai ɗumi da laima, inda gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki, saboda haka ya isa kwana biyu kafin ranar, ya kuma rage saurin da ya saba.

Ranar gasa kada a gwada wani sabon abu, ko takalmi ne ko safa ko abinci. A shafa basilin a hammata, da tsakanin cinyoyi, da kan nono, domin gogar riga ta awa biyar tana fitar da jini. Abu mafi wuya shi ne rabin farko, lokacin da jiki yake jin daɗi kuma jama'a suke wucewa ta kowane gefe. A karona na farko na biye musu, na kuma manta da dabinon da ke aljihuna. Daidai kilomita 32 ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, cinyata ta dama ta ɗaure, na ji sanyi a jiki duk da zafin rana, sauran kilomita 10 ɗin kuwa na yi su ne ina tafiya ina ɗingishi. Abin da ya faru shi ne sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ya ƙare, domin ajiyar ba ta cika kai mutum ƙarshen wannan nisa ba, kuma sauri tun da wuri yana ƙone ta da gaggawa. A karo na biyu na fara a hankali har wasu suna mini kallon wanda bai shirya ba, na fara cin dabino tun minti 40 na farko, kuma daga kilomita 30 na soma wuce waɗanda suka wuce ni da safe.

Akwai alamun da ba a jayayya da su. Ciwon ƙirji, jiri, ruɗewar tunani, ko ɗaukewar gumi cikin zafin rana, duk suna nufin a tsaya nan take a nemi ma'aikatan lafiya. Ciwon da ke sa mutum ya canja yadda yake taka ƙafa shi ma dalilin tsayawa ne, sabanin gajiyar tsoka wadda ake iya daurewa.

Bayan an tsallake layin ƙarshe kada a zube ƙasa, a ci gaba da takawa na minti goma, a sha ruwa, a ci abinci cikin awa ɗaya, a canja jiƙaƙƙun kaya. Kwana biyu ko uku na farko saukowa daga bene zai yi wuya, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. A bar gudu na mako guda aƙalla, a wadatu da tafiya, sannan a koma Dandalin Murtala a sake farawa da kilomita 3 ko 4, da saurin da za a iya yin hira a cikinsa.