Yadda Ake Amfani Da Gishiri A Tankin Kifin Ado Ba Tare Da An Cutar Da Kifin Ba

Wata safiya ka leƙa tankinka sai ka ga kifi ya lafe a kusurwa, ya tsuke fika-fikansa, jikinsa ya yi ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa masa gari. Duk mai kiwon kifin da ka tambaya, abu na farko da zai ce maka shi ne ka sa gishiri. Shawarar ba laifi, amma ba ta cika ba. Wane gishiri, nawa, na tsawon wane lokaci, kuma wane irin kifi ne a cikin tankin? Gishiri a tankin ruwa mara gishiri magani ne, kuma kamar kowane magani yana da awo, yana da ranar farawa da ranar dainawa.

Abin da gishirin ke yi wa kifi

Jinin kifin kogi da tafki yana ɗauke da gishiri kusan gram 9 a kowace lita, alhali ruwan da yake ciki kusan ba shi da komai. Saboda wannan bambanci ruwa kullum yana kutsawa cikin jikinsa ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa, gishirin jikinsa kuma yana zurarewa waje. Shi ya sa ƙodarsa ba ta hutawa, tana ta fitar da fitsari mai yawa, gaɓoɓin numfashin kuma suna ta janyo gishiri daga ruwa. Lafiyayyen kifi ba ya jin wannan aiki. Amma wanda ya ji ciwo ko cuta ta kama shi, fatarsa ta buɗe, ruwa na shiga fiye da ƙima, sai ya galabaita. Idan ka ɗan ƙara wa ruwan gishiri ka rage masa wannan nauyi. Ƙananan ƙwayoyin cutar da ke maƙale a fatarsa kuma ba sa jure canjin kamar yadda shi yake jurewa.

Akwai amfani na uku da nake ganin ya fi sauran muhimmanci, musamman a sabon tanki: kare kifi daga gubar naitirait, wani sinadari da ke samuwa daga kashin kifi. Idan ƙwayoyin bakteriya masu tsabtace ruwa ba su gama kafuwa a matata, wato na'urar tace ruwan tanki, ba, naitirait na taruwa, ya shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Za ka ga kifin yana haki a saman ruwa duk da famfon iska na aiki. Sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri yana bin ƙofa ɗaya da naitirait wajen shiga jikin kifi, don haka sai ya tare masa hanya.

Mataki na farko: duba waɗanda ke cikin tankin

Kifin zinare, koyi, gupi da moli suna jure gishiri sosai. Amma kifayen da ba su da ɓawo, irin su koridoras da sauran ƙananan dangin tarwaɗa masu kiwo a ƙasan tanki, da wasu nau'o'in tetra, gishiri na wahalar da su. Katantanwa ma haka. Tsirrai masu rai kuwa su ne suka fi kowa asara: ganye ya yi laushi, ya narke. Idan tankinka na da irin waɗannan, kada ka zuba gishiri a ciki. Ka samo ƙaramin tanki na daban, ko roba mai tsabta da sabulu bai taɓa shiga ba, ka sa famfon iska, ka mayar da mara lafiyan can. Ni a ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa ko da duk kifayenka masu juriya ne, sai dai idan cutar farin ɗigo ce, wadda kafin ka gan ta ta riga ta bazu a tankin gaba ɗaya.

Ka leƙa cikin matata ma. Idan akwai dutsen ziyolait mai tsotse amoniya, gubar da kifi ke fitarwa daga jikinsa, cire shi tukuna, domin gishiri na sa ya saki amoniyar da ya tsotsa ta koma cikin ruwa.

Mataki na biyu: zaɓi gishirin da ya dace

Zallar gishiri ake so, wato sodiyum kulorayid wanda ba a gauraya shi da komai ba. Wanda ake sayarwa musamman don tankin kifi shi ne wannan. Gishirin girki mai laushi sau da yawa ana haɗa shi da aidin da wani sinadari mai hana shi dunƙulewa, don haka ka karanta jikin ledar, idan ka ga ƙari ka bar shi. Gishirin haɗa ruwan teku na tankin kifin teku wani abu ne daban, yana ɗauke da ma'adanai masu canza yanayin ruwa. Haka gishirin Epsom: sunan ne kawai ya zo ɗaya, shi magniziyum salfet ne, aikinsa daban.

Mataki na uku: san yawan ruwanka, sannan ka auna

A nan ake yawan yin ɓarna. Auna tsawon tankin, da faɗinsa, da tsayinsa a santimita, ka ninka su, ka raba da 1000, ya ba ka lita. Tanki mai tsawon 60, faɗin 30, tsayin 30 lita 54 ne a lissafi. Amma ba a cika shi har baki, ga tsakuwa ga duwatsun ado, don haka ruwan gaske ba zai wuce lita 45 ba. Da wannan adadi za ka yi aiki.

Awon kuma ya danganta da matsalar. Don gubar naitirait kaɗan ake buƙata, gram 1 a lita 10 yakan wadatar, tare da canza ruwa akai-akai. Don ƙaramin rauni ko fika-fikan da suka fara yagewa, gram 1 a kowace lita. Don cutar farin ɗigo ana kaiwa gram 3 a lita, ga kifayen da ke jurewa. Ka kwatanta da ruwan teku mai kimanin gram 35 a lita, ka ga har yanzu ana nesa da shi.

Ka yi amfani da ƙaramin sikeli idan kana da shi. Cokalin shayi da aka share bakinsa yana ɗaukar gram 5 zuwa 6, amma gishiri mai manyan ƙwayoyi da mai laushi ba su cika cokali daidai ba.

Mataki na huɗu: narkar da shi, ka zuba a hankali

Kada ka watsa ƙwayoyin gishiri kai tsaye cikin tanki. Suna sauka ƙasa, kifi ya kwanta a kansu su ƙona masa fata. Ɗebi ruwan tankin a kofi ko bokiti, ka juya gishirin har ya narke tas, sannan ka tsiyaya kaɗan-kaɗan kusa da inda ruwa ke fitowa daga matata don ya gauraya.

Idan gram 3 kake nufi, kada ka kai gaba ɗaya. A tankinmu mai lita 45 jimlar gram 135 ce. Zuba gram 45 yanzu, wani 45 bayan awa 12, na ƙarshe bayan wata awa 12. Tsakanin kowane zubi ka zauna ka kalli kifayen. Idan ka ga suna haki, ko suna kifewa gefe, ko suna zabura ba dalili, ka tsaya nan, ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan da sabo.

Game da farin ɗigo, haƙuri ake so. Ɗigon da kake gani ƙwayar cuta ce da ta shige ƙarƙashin fata, gishiri ba ya kai mata a can. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasan tanki, ta hayayyafa, 'ya'yanta su fito suna iyo suna neman kifi, a lokacin ne gishiri ke kashe su. Don haka ɓacewar ɗigo ba warkewa ba ce. Ka ci gaba kwana 10 zuwa 14. Ɗaga ɗumin ruwa sannu-sannu zuwa digiri 28 a ma'aunin Selsiyus na sa cutar ta gaggauta zagayenta, idan kifayenka na ƙasashe masu zafi ne. Amma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, sai ka ƙara ƙarfin famfo.

Mataki na biyar: canjin ruwa da fitar da gishiri

Gishiri ba ya bin tururi, gawayin matata ma ba ya cire shi. Abin da ka zuba yana nan har sai ka kwashe ruwan da hannunka. Idan ruwa ya ragu saboda zafi, ka cike da ruwa zalla, domin gishirin bai je ko'ina ba. Idan kuma kai ka kwashe lita 15 lokacin jinya, gishirin lita 15 kaɗai za ka mayar, wato gram 45 a awon gram 3. Mutane da yawa suna sake zuba awon tanki gaba ɗaya a kowane canji, gishiri ya yi ta taruwa, kifi ya mutu a zata cutar ce ta kashe shi. Ka rubuta kwanan wata da adadin da ka zuba a takarda, ka manna a jikin tankin.

Da jinya ta ƙare, sai ka janye gishirin kamar yadda ka shigar da shi, a hankali. Canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, da ruwan da aka cire wa kulorin kuma ɗuminsa ya zo daidai da na tankin. Bayan canji huɗu, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku na gishirin farko ba. Ka ƙara wasu canje-canjen kafin ka mayar da tsirrai ko katantanwa. Idan kuwa kwana 14 sun cika kifin bai samu sauƙi ba, kada ka ƙara awo. Ka gwada ruwan ka ga matsayin amoniya da naitirait, sannan ka nemi maganin da aka yi don ainihin cutar.