Yadda na sa akwatin Facebook ya fito a shafin wata makaranta

Makarantar tana Tudun Wada a Gombe, shafinta na intanet kuma da PHP (wani harshen gina shafuka) aka gina shi tun tuni. Shugabanta ya nemi labaransu na Facebook su riƙa fitowa a gefe. Na liƙa lambar (code) da Facebook ke bayarwa don sa akwatinsa a shafi, amma wurin ya tsaya fari fat.

Ina danna F12 a Chrome don duba kurakuran shafin, sai ga jan rubutu. Ashe sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, tana aiko da umarnin Content-Security-Policy, mai hana duk JavaScript na waje aiki. Kariya ce mai amfani, ban yarda a cire ta ba. A fayil ɗin .htaccess, mai saita sabar, na ƙara connect.facebook.net cikin script-src, da www.facebook.com cikin frame-src, wato jerin wuraren da umarnin ya yarda da su, nan take hotunan yaye ɗalibai suka bayyana.

A tabbata shafin Facebook ɗin a buɗe yake ga kowa, in an taƙaita shekaru ko ƙasa ba zai fito ba.