Yadda Ake Rainon Kariya a Tukunya a Kaduna

Kariya, wadda masana tsirrai suke kira Adenium obesum, tsiro ce ta yankin Sahel da gabashin Afirka da kudancin yankin Larabawa. A daji takan kai tsayin mutum, amma idan aka dasa ta a tukunya sai ta tsaya ƙarama, ta yi gindi mai kauri, ta fitar da furanni masu ruwan hoda waɗanda bakinsu ya fi cikinsu ja. A cikin wannan gindi take ajiye ruwanta, shi ya sa takan jure makonni ba a ba ta ko ɗigo ba. Matsalarta a Kaduna ita ce damina, domin garin yana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma tsiron da ya saba da fari ba ya daɗewa idan saiwarsa ta kwana a cikin laima.

Saboda haka aikin yana farawa ne daga ƙasar da za a zuba a tukunya. A haɗa kashi biyu na yashin kogi mai tsakuwa, irin wanda magina suke amfani da shi, da kashi ɗaya na baƙar ƙasar lambu, da kashi ɗaya na gawayi da aka farfasa ƙanana, sannan a ƙara ɗan takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe ya bushe. Jar ƙasar da ake samu a yawancin unguwanninmu ba ta dace ita kaɗai ba, don tana riƙe ruwa da damina, ta kuma ƙame da rani. Kafin a zuba haɗin, a jiƙa shi kaɗan a damƙa a tafin hannu: idan aka buɗe hannu ya wargaje, ya yi daidai, idan kuwa ya tsaya a dunƙule da shatin yatsu a jikinsa, to a ƙara yashi. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana barin laima ta fita ta jikinta, kuma wajibi ne a huda gindinta, a ɗora ta a kan duwatsu ko bulo don ruwa ya samu hanyar tsiyayewa.

Ana samun sabon tsiro ta iri ko ta reshe. Wanda aka shuka da iri shi ne yake yin gindin nan mai kyan gani, kuma sabon iri yakan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu idan aka kwantar da shi a kan yashi mai ɗan danshi aka rufe shi sama-sama. Reshe ya fi saurin yin fure, sai dai gindinsa ba ya yin kauri sosai. A yanki reshe mai tsawon kamar santimita 15 da wuƙa mai tsabta, a ajiye shi a inuwa kusan mako guda har bakin yankan ya bushe, sannan a kafa shi. Watan Maris ko Afrilu ya fi dacewa, don ya kama kafin ruwa ya zauna.

Kariya tana buƙatar rana ta aƙalla awa shida a yini. Wadda aka ajiye a falo don ado takan yi dogayen rassa sirara, ta ƙi yin fure, kuma a ganina masu sayar da furanni a bakin titi ba su cika gaya wa mai saye wannan ba.

Ban ruwa yana bin yanayin shekara. Da bazara, lokacin da zafi ya tsananta, a ba ta ruwa sosai har ya fito ta ƙasan tukunya, sannan a ƙyale ta sai an cusa yatsa an ji ƙasar ta bushe. Da hunturu takan zubar da ganyenta ta huta, kuma a nan ne mutane da yawa suke tsorata su riƙa ɗura mata ruwa suna zaton ƙishi ne, alhali sau ɗaya a mako biyu ko uku ya wadatar. Da damina kuwa, musamman a Agusta da Satumba, a janye tukunyar zuwa bakin baranda, inda rana take shigowa amma ruwan indararo ba ya zuba a kanta, kuma kada a bar faranti mai tara ruwa a ƙarƙashinta.

A riƙa matsa gindin da yatsa lokaci-lokaci. Lafiyayyen gindi yana da tauri kamar ɗanyar doya, amma idan ya fara laushi, ganye na yin rawaya alhali ƙasa na jiƙe, ruɓa ta shiga. A tumɓuke tsiron nan da nan, a karkaɗe ƙasar, a yanke duk inda ya yi baƙi ko launin ƙasa har sai an kai ga farin nama mai tsabta, a barbaɗa garin gawayi a kan yankan, a rataye shi a inuwa mai iska na mako guda, sannan a sake dasa shi a busasshen haɗi, a jinkirta ba shi ruwa na wasu kwanaki. Fararen ƙwari masu kama da auduga da suke maƙalewa a ƙasan ganye kuwa, ruwan sabulu kaɗan ko man darbejiya yana maganinsu idan aka fesa da yamma.

Ruwan da yake fita daga jikin kariya idan an yanke ta guba ne mai taɓa zuciya, har mafarauta a wasu sassan Afirka sun yi amfani da shi wajen haɗa dafin kibiya. Don haka a sa safar hannu lokacin yanka ko dashe, a wanke wuƙar da sabulu kafin ta koma madafa, a kiyaye ruwan daga ido, kuma a ɗora tukunyar inda yara ƙanana da awaki ba za su kai gare ta ba.